Tabarau a Ido, Linzami a Hannu: Wa Zai Riƙe Akalar Sabuwar Na'ura a Gabashin Sakkwato?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. To, amma rigar da aka ɗinka ba tare da an auna mai sa ta ba, ko dai ta matse shi, ko kuwa ta yi masa yawa har ta riƙa harɗe shi a tafiya. Ɗaya daga cikin rigunan da zamani ya ɗinko a 'yan shekarun nan ita ce wani irin tabarau mai ƙwaƙwalwa, wanda idan mutum ya sa shi zai ci gaba da ganin duk abin da ke gabansa, sa'an nan ya ga rubutu ko zane ko hoto an ɗora masa a kan abin da yake kallo. Wannan maƙala za ta kira shi tabarau mai ƙarin gani. Tambayar da ke gaban malamai da ɗalibai a nan ita ce: da me za a riƙa ba wannan tabarau umurni? Da murya, ko da ido, ko da kaɗa hannu a sarari, ko kuwa da wata 'yar na'ura da ake riƙewa a tafin hannu? Ra'ayin maƙalar shi ne, ga mutanen Wurno da Rabah da Goronyo da makamantansu, na'urar hannu ita ce ta fi dacewa, kuma akwai aikin da ya rataya a wuyan sashen Hausa tun kafin abin ya iso kasuwa.

Asalin Tabarau Mai Ƙarin Gani

Abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1968 wani masani a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya haɗa wata na'urar sawa a ka, wadda saboda nauyinta sai da aka rataye ta daga rufin ɗaki. A wajen 1990 ma'aikatan kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing suka gwada irin wannan dabara domin nuna wa masu haɗa wayoyin jirgi inda kowace waya za ta bi. A 2013 kamfanin Google ya fara sayar da nasa tabarau, Google Glass, a kan dala 1,500, amma bai karɓu ba, aka janye shi daga hannun jama'a a farkon 2015. Kamfanin Microsoft ya fito da HoloLens a 2016, ya kuma daina ƙera shi a 2024.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne, kowane kamfani ya yi karo da matsala iri ɗaya, watau yadda za a yi wa tabarau linzami. Tabarau ba shi da madannai irin na kwamfuta, ba shi da faffaɗar fuskar da za a shafa irin ta waya. Saboda haka wasu suka koma ga hannu. Magic Leap na 2018 ya zo da 'yar na'urar riƙewa. Nreal Light, wanda aka fara sayarwa a 2020, ana jona shi ne da wayar salula, sai wayar ta zama abin nuni: mutum ya karkata ta wajen abin da yake so, ya taɓa fuskarta da babban yatsa. A watan Satumba na 2025 kamfanin Meta ya fito da Meta Ray-Ban Display a kan dala 799, tare da wani abin ɗaurawa a tsintsiyar hannu mai karanta motsin jijiyoyin yatsu. Ashe ke nan, bayan shekaru sama da hamsin ana lalube, masu ƙira ba su rabu da hannu ba.

Dalilin Kawo Zancen Wurno da Rabah da Goronyo

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa manomin tafarnuwa da irin wannan kayan ƙawa? Amsar ita ce, waɗannan garuruwa uku ba baƙi ba ne ga karɓar sabon abu. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ya nuna masa kayan auna taurari, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Bello ya karɓi baƙon abu da tambaya, ya auna shi da ilmin da yake da shi a harshen karatunsa. Daɗin daɗawa, cikin rubuce-rubucensa na likitanci har da wanda ya shafi maganin ciwon ido. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe hakimcinta daga 1934.

Ta fuskar tattalin arziki, yankin ya dogara ne ga kogin Rima da fadamunsa. An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Daga gare ta ake noman rani na shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. Ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki ta kuma karya gadar da ke haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari, da kuma mummunan ja da baya da ruwan madatsar ya yi a 2018, sun nuna cewa rayuwar dubban iyalai tana rataye ne ga sanin halin ruwa a kan lokaci. Shirin gyaran noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya haɗa da filayen tsakiyar kwarin Rima.

A irin wannan wuri ana iya hango amfanin tabarau mai ƙarin gani. Malamin gona zai dubi ganyen shinkafa ya ga sunan cutar da ta kama shi da yawan maganin da za a fesa. Mai kula da ƙofar magudanar ruwa zai ga adadin ruwan da ya kamata ya saki. Makanike zai buɗe injin ban-ruwa, wani gwani daga nesa yana ganin abin da yake gani, yana zana masa alama a kan ƙusar da zai kwance. Ba mafarki ba ne, domin kuwa rabin wannan aiki wayar salula ta riga ta fara shi. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin zamani ta hanyar saƙon waya, cibiyar binciken shinkafa ta AfricaRice kuma ta fito da manhajar RiceAdvice mai ba manomi shawarar taki. Tabarau zai ɗauke bayanin ne kawai daga tafin hannu ya kai shi gaban ido.

Raunin Murya

Hanyar da kamfanoni suka fi tallatawa ita ce a yi wa tabarau magana. Gaskiya ne an sami ci gaba: Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, a 2024 kuma ya ƙara ta cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya. To, amma wace Hausa? Ɗalibin da ya yi darasin karin harshe ya san mutumin Wurno cewa yake "munka tahi" inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "muka tafi", ya ce "shina" a maimakon "yana", "biyat" a maimakon "biyar", "mi" a maimakon "me". Na'ura ba ta jin abin da ba a koya mata ba, kuma mafi yawan abin da ake koya mata daga rubutacciyar Hausa da Hausar gidajen rediyo ake ɗebo shi.

Bayan wannan ga batun karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ƙa'idar rubutu ba ta nuna su. Kalmar da ake rubutawa "fari" tana iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko kuma farkon abu. Ga mai hira wannan abin nishaɗi ne, amma ga manomin da ke neman agaji, bambanci tsakanin ƙarancin ruwa da farmakin ƙwari shi ne bambanci tsakanin ban-ruwa da feshi. A ƙara da ƙarar injin ban-ruwa da hayaniyar ranar kasuwa, sai a ga murya ba abin dogaro ba ce. Har ila yau, umurnin da aka bayar da baki kowa ya ji shi. Ɗan kasuwar da ke lissafin kuɗin buhunan albasa ba zai so ya riƙa faɗa da ƙarfi ba, haka ita ma ma'aikaciyar lafiya da ke duba bayanin mai juna biyu.

Raunin Ido da Kaɗa Hannu

Hanya ta biyu ita ce na'ura ta bi ƙwayar ido, kamar yadda Apple Vision Pro na 2024 ke yi, inda mutum zai dubi abu sa'an nan ya haɗa yatsu biyu. Masu bincike sun daɗe da gane cikas ɗin da ke nan: ba duk abin da ido ya faɗa wa ne zuciya ke nufi ba. Ga Bahaushe kuwa akwai ƙarin cikas, domin kallo yana da ladubbansa. Yaro ba ya ƙura wa babba ido, suruki yana sunkuyar da kai gaban surukinsa, talaka yana kawar da gani a gaban hakimi. Na'urar da ba ta aiki sai an zura ido za ta riƙa jan mai ita zuwa ga abin da tarbiyyarsa ta hana shi.

Hanya ta uku ita ce kaɗa hannu a sarari domin kyamarar tabarau ta gani. Wannan yana gajiyar da damtse cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma dole hannu ya kasance inda kyamara ke iya hango shi. Mafi muhimmanci, hannu a ƙasar Hausa yana da harshensa. Dunƙule shi a ɗaga sama jinjina ce, nuna mutum da yatsa raini ne, ware yatsu biyar a fuskanci wani da su kuwa daƙuwa ce. HoloLens na farko yana buɗe jerin ayyukansa ne idan mutum ya tattara yatsunsa sa'an nan ya ware su. Wanda ya ƙirƙiro wannan alama fure yake gani yana buɗewa. Dattijon da ke zaune a ƙofar gida a Rabah, idan ya hangi saurayi yana yi masa haka daga nesa, wata fassara dabam zai yi mata.

Fifikon Na'urar Hannu

Hujja ta farko ita ce sabo. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, babban yatsan jama'a ya koyi aikinsa. Wanda bai taɓa shiga aji ba ya san koren madanni na amsawa ne, ja na kashewa. Idan wayar da ke aljihu ce za ta zama linzamin tabarau, to babu sabon karatu, babu kuma sayen ƙarin kaya.

Hujja ta biyu ta ƙira ce. Ƙwaƙwalwar na'ura da batirinta su ne ke kawo nauyi da zafi. Tabarau na kamfanin Snap na 2024, wanda aka tara masa komai a ka, nauyinsa giram 226 ne, batirinsa kuwa kimanin minti 45 yake yi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, kuma akasarin caji a shagon mai janareta ko faifan hasken rana ake yin sa, hikima ita ce a sauke nauyin daga fuska a mayar da shi aljihu.

Hujja ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce amana tsakanin mutane. Tabarau mai ƙarin gani yana ɗauke da kyamara, domin sai ya ga duniya kafin ya ƙara mata bayani. Wannan ne ya sa wasu gidajen sinima da wuraren shaƙatawa a Amurka suka hana shiga da Google Glass. A 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka nuna cewa ana iya haɗa tabarau na Meta da manhajar gane fuska a samo sunan mutumin da aka gamu da shi a hanya. Idan haka ta tayar da hankali a can, yaya ke nan a ƙasar da gida ke da zaure da shigifa, inda baƙo ba ya wuce iyakarsa, inda ake sallama kafin a ɗaga labule? Wanda ya ciro waya ya ɗaga, kowa ya san abin da yake shirin yi, ana iya ce masa ya bari. Wanda kuwa ke ɗaukar hoto da ƙiftawar ido ko motsin yatsa a cikin aljihu, babu mai iya tsawata masa, domin babu wanda ya gani. Linzamin da ke bayyane kariya ce ga wanda ake kallo.

A gabashin Sakkwato wannan magana ta wuce batun ladabi, ta kai ga rai. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, kuma zargin masu kai musu rahoto ya raunana yarda tsakanin maƙwabta. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Rabah da Goronyo. A ranar 17 ga Oktoba na wannan shekara, layukan suna rufe, aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Darasi biyu ke nan. Na farko, baƙon da ya shiga kasuwa da kyamara a fuska, ba a san lokacin da take aiki ba, ya jefa kansa da jama'a cikin hatsari. Na biyu, na'urar da ba ta motsi sai da sabis tana iya mutuwa ranar da aka fi bukatarta. Sarrafa magana sau da yawa yana bukatar a aika da ita wata babbar kwamfuta a nesa, amma madannin da ke hannu ba ya jiran kowa.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Akwai suka guda uku da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce, ai amfanin tabarau shi ne hannu ya huta, to in an sake ɗora masa na'ura, me aka yi ke nan? Manomin da ke dashen shinkafa hannunsa cikin taɓo yake. Wannan magana tana da ƙarfi. Sai dai mahayi ba ya jan linzami a kowane taku, yakan ja ne inda hanya ta rabu. Makanike zai danna sau ɗaya, zanen ya tsaya a gabansa, ya aje na'urar ya kama sifana. Ana kuma iya yin ta ƙarama, mai madannai uku ko huɗu, a rataya a wuya kamar laya. Inda aiki ya tilasta, murya ta zama mataimakiya, matuƙar kunna kyamara da kashe ta suna hannu.

Suka ta biyu ita ce tsada. Dala 799 ta haura naira miliyan ɗaya bisa canjin 2025, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Mutanen da ke neman tsaro da taki da hanya ba tabarau ne a gabansu ba. Haka ne, kuma maƙalar nan ba ta neman a kashe ko sisin kwabo na jama'a a sayo shi. Amma layin waya ma a 2001 sai mai hannu da shuni, yau kuwa ga shi a hannun mai tallan goro. Kayan lantarki sukan fara da tsada su ƙare a tebur a bakin tasha.

Suka ta uku ita ce, kamfanoni sun riga sun nufi abin ɗaurawa a tsintsiyar hannu, ra'ayin ɗalibi ba zai juya su ba. Mai yiwuwa ne. Amma abin da ake saye da abin da ake yarda a shiga da shi asibiti ko makaranta ko fada, wannan hukuncin jama'a ne da hukumominsu. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma doka ba ta aiki sai mutane sun san abin da za su nema a ƙarƙashinta.

Aikin da ke Gaban Sashen Hausa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da waya ta zo, masana harshe sun makara, sai kasuwa ta raɗa wa abubuwa suna: caji, sabis, kati, data, fulashin. Aron kalma ba laifi ba ne, amma inda aka sa hannu da wuri an sami abin alfahari, alal misali "linzamin kwamfuta" da "manhaja". Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda aka buga a 1990, shaida ne cewa wannan aiki sassan Hausa sun saba da shi.

Saboda haka ana ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a zauna a tsara kalmomin umurni gajeru waɗanda Basakkwace da Bakano za su fahimta daidai: buɗe, rufe, koma, tsaya, goge. Na biyu, ɗaliban da ke neman batun kundin kammala digiri su nufi Wurno da Rabah da Goronyo, gwargwadon yadda tsaro ya bari, su naɗo muryoyin manoma da masunta da 'yan kasuwa da izininsu, su tattara sunayen cututtukan shuka da sassan injin ban-ruwa yadda masu sana'ar ke kiran su. Bargery ya yi irin wannan yawo kafin ya fitar da ƙamusunsa a 1934, kuma har yau ana cin moriyarsa. Na uku, a dage kan cewa duk rubutun da zai bayyana a tabarau ya ɗauki ɓ da ɗ da ƙ, a kuma tanadi ajami da alamomin hoto domin waɗanda boko bai kai gare su ba. Na huɗu, masu nazarin al'ada su rubuta ladubban sa wannan tabarau: a cire shi a zaure, a nemi izini kafin a kunna kyamara, a aje linzamin inda mai gida ke ganin sa.

Kammalawa

An ga yadda murya ke tuntuɓe da karin harshe da hayaniya da rashin sirri, yadda ido da kaɗa hannu ke cin karo da tarbiyya, da kuma yadda na'urar hannu ta dace da sabo da yanayi da amanar zama tare. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma idon maƙwabci yana da haƙƙin ya san lokacin da ake auna shi. Ko tabarau mai ƙarin gani ya iso kwarin Rima nan da shekara biyar ko nan da ashirin, zai tarar da mutanen da suka san doki, suka kuma san cewa ba a hawan sa sai an sa masa linzami. Abin da ya rage ga malamai da ɗalibai shi ne su tanadi kalmomin da muryoyin da ladubban tun yanzu, domin ran da baƙon ya yi sallama ya tarar an shimfiɗa masa tabarma, an kuma nuna masa iyakarsa.